Saurin Da Muka Yi Wa Madam

Madam ce ta karɓi haihuwata, ita ce kuma ta karɓi ɗiyata ta fari, ko da yake a lokacin ta daɗe da ajiye aikin gidan haihuwa. Sunanta na ainihi yana yi wa bakinmu nauyi, shi ya sa duk Filinge Madam ake ce mata. Iyayenta mutanen bakin teku ne, wajen Kotono, aikin gwamnati ya kawo ta ƙasar Kurfai tun tana da ƙuruciya. Mijinta ya mutu, ɗanta guda ya girma ya koma wajen dangin ubansa, ita kuwa ta ƙi tashi. Kirista ce, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Katanga ɗaya ta raba gidanta da namu, katangar ma ta zube daga tsakiya, ba wanda ya damu ya gyara, don ta nan Innata take bi in za ta wajenta.

Gajeriyar mace ce mai faɗa. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka labarin waliyyiya nake bayarwa. Tana yi wa mai naƙuda tsawa, ta yi wa mijinta, in an kawo mace a makare har uwar miji sai ta sami rabonta. Amma a ɗakin aikinta ba a bin layi da girman gida, wadda ta fi jin jiki ita ce ta farko. Inna ta sha ba ni labarin ranar da aka kawo wata Buzuwa a amalanken jaki daga ƙauyukan Bonkuku, jini ya ɓalle mata, Madam ta bar matar wani babban ma'aikaci zaune a benci ta shiga da Buzuwar. A ƙasarmu har gobe akwai masu duba asalin mutum kafin su amsa gaisuwarsa, su ce wannan ɗiyar bayi ce, waccan ɗiyar maƙera. Babban ma'aikacin ya zo yana ta kumfar baki. Madam ta fito da hannu duk jini ta ce masa Ubangijin da take bauta wa bai ba ta takardar asalin kowa ba, in shi nasa ya ba shi, ya kawo ta gani. An ce saura kaɗan a ɗauke ta daga garin a kan wannan maganar.

Ƙawancensu da Inna na tsokana ne. Inna tana yi wa azumin Madam dariya, wai azumin da ake shan ruwa a cikinsa ai hutu ne. Madam ta ce mu kuma da rana muke hana ciki, da magariba mu rama har mu kasa tashi. Da Babbar Salla cinyar ragonmu ɗaya tata ce. Ranar nata bikin kuma takan dafa shinkafa da zabi, ta aiko wa Baba zabin ya yanka da hannunsa don mu iya ci. Kowace da carbinta. Na sha ganinsu bayan la'asar a tabarma ɗaya, Inna tana jan nata, Madam tana jan nata mai ɗan gicciye a ƙarshe, baki yana motsi, ba mai ce wa wata komai. Inna ta so Madam ta musulunta, ba zan ɓoye ba. Sau biyu ta yi mata maganar, Madam ta ce ta gode, a nan aka bar zancen. Wannan zaman na tabarma ɗaya nake kewa, kuma ban san inda zan je in sake ganin irinsa ba.

Abu ɗaya ne yake ba Madam tsoro. Da can akwai ƴan ma'aikata Kiristoci da suke taruwa a ɗakinta ran Lahadi, limaminsu da ake ce wa mompe yana leƙo su daga Yamai lokaci lokaci. Ɗaya bayan ɗaya aka canza musu wurin aiki, har ta rage ita kaɗai tana karanta littafinta. A shekarun aikinta ta ga yadda ake yi da baƙon da ya mutu a gidan likita ba shi da kowa. Ƴan kaso ake fito da su daga gidan yari, su naɗe shi a tsohon bargo, su je bayan gari su tona rami su rufe, ba wanka ba addu'a. Wannan abin bai bar zuciyarta ba. Ina gida ina wankan jegon ɗiyata ta fari na ji ta da kunnena tana ce wa Inna, da Hausarta da ta zama irin tamu:

"Ƙawa, ran da na hwaɗi, kar ki bari ƴan kaso su ɗauke ni."

Inna ta ce in dai tana da rai, ba hannun baƙon da zai taɓa ta. Ta ƙara da cewa ta daina yi mata zancen mutuwa da safe, ko koko ba ta sha ba. Suka yi dariya.

Ban gama wankan jegon ba abin ya faru. Bazara ce, irin zafin da ke sa tulu ya yi ɗumi tun da hantsi, kuma ran kasuwa. Inna ta bi ta karyayyar katanga da kwanon koko, sai muka ji kwanon ya faɗi. Madam tana kan gadonta, ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali, kamar mai jiran baƙi. Rai ya yi halinsa.

Baba ya tafi gidan waya aka buga wa ɗanta, ba a same shi ba, aka bar saƙo a wurin aikinsa. Daga nan ya wuce wajen limamin masallacinmu. Shugaban ma'aikatan gidan likita, wanda muke ce wa majo, ya zo da kansa ya duba ta. Shi ne ya ce tunda a garin ba wurin ajiye gawa, a nemi mota a kai ta Yamai a sa ta ɗakin sanyi har danginta su iso, don mutanensu ba sa gaggawar rufewa. Gaskiya ya faɗa, kuma da kyakkyawar niyya. Amma Inna abin da ta ji daban. Ta ji za a ɗora ƙawarta a mota a yini ana jijjiga ta, a kai ta garin da ba wanda ya san ta, maza baƙi su tuɓe ta su tura cikin ƙanƙara kamar kifi. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta ce sai dai a bi ta kanta. Ban taɓa ganin Inna ta ɗaga wa namiji murya ba sai ran nan. Majo ya ga ba riba, ya rubuta takardarsa ya tafi.

A wurinmu, gawa ta daɗe a ƙasa wulaƙanci ne. Wanda ake so shi ake yi wa sauri. In aka ce wane ya mutu da safe, kafin azahar an kai shi, to ya yi mutane. Da wannan muka tashi, kuma ko kaɗan ba mu kawo a ranmu cewa akwai wata hanyar girmama mamaci ba.

Wajen liman kuma magana ta yi tsawo. Liman mutumin kirki ne, ya ce salla dai ba za a yi mata ba, amma rufe ɗan Adam haƙƙi ne a kan wanda ke kusa. Da aka zo batun maƙabarta sai wasu suka ta da wuya, wai ba za a haɗa ta da Musulmi ba. Na san hukuncin, ba da shi nake faɗa ba. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne yadda aka faɗe shi, da waɗanda suka faɗa. Wanda ya fi kowa ɗaga murya, Madam ce ta zaro shi daga cikin uwarsa da ƙafa, ta yi ta hura masa baki har ya yi kuka. Shi ne ya ce ai wannan aikin hukuma ne, a kira ƴan kaso. Baba bai yi musu da shi ba. Ya ce yana da gona a gabas da gari, gonar kuma tasa ce, akwai gawo a gefenta, wanda zai taya shi haƙa ya ɗauko galma, wanda ba zai iya ba Allah ya ba shi lada a wani aikin. Mutum takwas suka bi shi.

Kafin su isa gona labari ya shiga kasuwa. Sai ga mata suna ta shigowa gidan Madam, wasu da ƙoren nono a ka, wasu da ragowar kayan miyan da ba su sayar ba. Fulani, Buzaye, Zabarmawa, matan gari masu lulluɓi har ƙasa, har da wata tsohuwa ƴar bori da ba a cika zama kusa da ita ba. Ran nan aka matsa mata ta zauna. Kowace tana faɗin ɗan da Madam ta karɓar mata, da faɗan da ta sha. Ana kuka ana dariya. Ni ina zaune da jaririya a cinya, ina kallon tsakar gidan da ban taɓa ganin ya cika haka ba.

Inna da tsofaffi biyu suka yi wankan. Daga baya ta gaya mini cewa da ta ɗauki buta ta tsaya, don ba ta san ko za ta yi mata alwala ba. Ta bar alwalar, sauran kuwa ba ta rage komai ba. Ruwan magarya, dama kafin hagu, ta tsefe mata kai ta yi mata kitso uku, ta shafa mata turare. Likkafanin ma daga akwatin Inna ya fito, wanda ta ajiye wa kanta. Carbin Madam ta cire daga ƙarƙashin matashi ta ƙulle a bakin zane, ta ce wannan na ɗanta ne.

Mu mata ba ma zuwa wajen rufewa, daga bakin Baba na ji sauran. Ya ce da suka fara haƙa wani ya tambaya ina za a fuskantar da ita, shi kuma ya ce kabari iri ɗaya ya iya. Suka yi babban rami da ƙarami a ciki, suka kwantar da ita a kan dama tana kallon gabas, suka jera itace suka sa ganye suka lulluɓe da ƙasa. Da aka gama sai suka tsaya cirko-cirko. Ba salla, ba Fatiha, kowa ya rasa inda zai sa hannunsa. Daga ƙarshe wani dattijo ya ce Allah shi ne masani, suka juyo. Ana kiran azahar suna shigowa gari.

Inna ta yi kuka sosai, amma kukan mai sanyi ne. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta gaya masa cewa ta cika alkawari, Madam ba ta ko yini a ƙasa ba. Har da ɗan alfahari take faɗi, kuma duk muka taya ta.

Rana ta uku da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan. A samanta an ɗaure dogon akwati mai ƙyalli da hannuwan ƙarfe. Yara suka ɗauka kayan ɗaki ne. Ɗan Madam ya fito, da matarsa, da mompe cikin farar riga. A unguwarmu aka haife shi, a tsakar gidanmu ya koyi tafiya, Inna yake ce wa Innata. Ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa ya yi ja don kwana biyu suna hanya. Ya ce saƙon ya same shi a makare, ya tsaya ne ya sayi akwati da farar rigar da za a sa mata, ya biya Yamai ya ɗauko mompe. Shekara huɗu rabonsa da ita. Sannan ya tambaya a wane ɗaki aka ajiye ta, yana so ya ga fuskarta kafin a fara komai.

Inna ba ta gane ba tukuna. Da sakin fuska ta fara ba shi labari, yadda ta wanke ta, irin turaren, yawan matan da suka zo, gonar Baba da gawon. Tana cikin faɗi ta ga fuskarsa, sai ta dakata.

"Kun rufe ta?" ya ce.

"Tun ran nan, ɗana. Kahin azahar."

Matarsa ta ce wani abu da Faransanci, ya ɗaga mata hannu.

"Inna, uwata ce. Ni kaɗai ta haifa. Kwana biyu kawai za ku jira ni."

Inna ta ce, "Mu in muna son mutum, sauri mu ka yi mishi. Ban san wani abu ba in ba wanga ba."

Ya ce ya sani, a nan ya girma. Bai zagi kowa ba, da ya yi zagin ma da ya fi mana sauƙi. Ya zauna a ƙasa a bakin ɗakin uwarsa ya kifa kai a gwiwa, babban mutum mai furfura a gemu, yana kuka irin na yaro. Inna ta kwance bakin zane ta miƙa masa carbin.

Baba ya kai su gona. Mompe ya yi addu'arsu a kan tudun ƙasa, ɗan ya nemi izini ya kafa itace biyu a gicciye, Baba ya ce ya kafa. Ɗan ya yi godiya ga kowa, ya bi gida gida har na mutum takwas ɗin nan. Kashegari suka tafi. Akwatin ba wanda ya san yadda za a yi da shi a garin, haka aka mayar da shi saman mota aka ɗaure. Ina tsaye a ƙofa na ga yana tafiya ba kowa a ciki, yana ƙara duk inda motar ta shiga rami. Bai sake zuwa Filinge ba. Yakan aiko da gaisuwa ta bakin direbobi, daga baya gaisuwar ma ta yanke.

Inna ba ta koma yadda take ba. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskuren wanke ƙawarta ba, kuma ni ma ba zan ce ba, don da ba ta tsaya a ƙofar nan ba ban san hannun da Madam za ta faɗa ba. Amma tana cikin tsinke zogale, sai ka ji ta ce da ta bari an kai ta ɗakin sanyin nan. Ta je wajen liman ta tambaya ko za ta iya roƙa wa Madam gafara, ya ce mata a'a, cikin tausasawa. Ba ta yi gardama ba, ba halinta ba ne ta ja da malamai. Sai dai bayan kowace salla, in ta gama jero matattunta, takan tsaya kaɗan ta ce, "Allah, ka dai san ta." Ba ta ƙara komai a kai. Ni ma haka nake yi har yau, kuma ban tambayi kowa hukuncinsa ba.

Shekaru suka wuce, aure ya mayar da ni Yamai. Da tsufa ya kama Inna, duk zuwan da na yi sai ta tara yayyena maza ta ce musu, a gabana, in ranarta ta zo a jira ni. Sukan ce to, Inna, suna murmushi. Ta ce ba wasa take yi ba, ta ga abin da rashin jira yake yi wa ɗa. Babban wana ya ce ai yanzu zamanin salula ne, Yamai kuma ba Kotono ba ce.

Da safe wata rana aka kira ni, Inna ta rasu. Ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba na fita tasha. Motar farko ta riga ta tashi, ta biyu ta ƙi cika, na ce zan biya kujerun da suka rage direba ya ce akwai kayan da yake jira. Muka tashi rana ta ɗaga. A hanya aka tsayar da mu bincike, aka sake tsayar da mu, bayan Tabla kuma taya ta fashe. Ina ta kiran wana ina ce masa ga ni nan, yana cewa Allah ya kawo ni lafiya. Daga wani wuri waya ta daina shiga.

Ana sallame la'asar na sauka. Tun daga bakin layi na ga maza zaune a tabarmi, ƙafafunsu da jar ƙasa, na san an gama. Wana ya taso ya tare ni. Ya ce sun jira har bayan azahar, rana ta yi zafi, mutane sun taru tun safe, malamai sun ce jinkirin ya isa. Idonsa cike da hawaye yake faɗi. Na san son ta ne ya sa suka yi sauri, na san abin da addinina ya ce, da wata ce ta zo mini da wannan kukan da haƙuri zan ba ta. Duk da haka na ji kamar in kama rigarsa in yaga. Mutumin da na so in gani a lokacin, ɗan Madam ne, shi kuma ban san ko yana raye ba.

Na ratsa mata na shiga ɗakin Inna. An naɗe tabarmarta, an jingine gadon a bango, ƙamshin turare bai fita ba. A bayan ƙofa, inda suka yi mata wanka, yashin ɗakin ya yi duhu. Na zauna na ɗora tafin hannuna a wurin. Ƙasar ba ta ma bushe ba.